Kaya na Alaba, injina a tsaye a Sharaɗa: zai iso yau ta jirgi?

Manajan Sharaɗa (6:48 na safe): Assalamu alaikum jama'ar zaure, ya sanyi? Shawara nake nema da gaggawa. Daren jiya wajen ƙarfe goma inbatar da ke juya babban moton injin gyaran shinkafarmu ta ƙone. Injiniya ya buɗe ta, ƙauri kawai ke tashi, ya ce a manta da gyara. Mun buga waya Sabon Gari da Ƙofar Ruwa, babu irinta. An samu guda a kasuwar Alaba, a Legas. Yau Alhamis, jibi Asabar tirela biyu za su zo lodi, kuma Alhaji mai injin ya riga ya karɓi kafin alƙalami. In na ba motar dare, sai gobe da daddare ko jibi, in Allah Ya kiyaye hanya. Wa ya taɓa aiko kaya ta jirgi suka iso a ranar? Ya ake yi?

Ɗan Farm Centre (6:55): Wa alaikumus salam Manaja. Kada ka wahalar da kanka. Ka sa yaro ya tsaya bakin ƙofar shiga filin jirgi a Ikeja, ya nemi ɗan Kano mai dawowa, ya roƙe shi ya riƙo maka, a ba shi na shan ruwa. Mu sikirin waya haka muke yi da Computer Village. Awa ɗaya da rabi jirgi ya sauka, ka tura a karɓa. Shi ke nan.

Hajiya Mai Anko (7:02): Ɗana, Allah Ya shirye ka. Ni ko ƙanwata ce ta miƙo min kwali a rufe a filin jirgi, sai ta buɗe na gani da idona. Kun manta ɗalibar nan 'yar Kano da aka kama a Madina a Disambar 2018? Jakar da ba ta san da ita ba aka maƙala wa sunanta, ga ƙwayar tramadol a ciki. Wata huɗu ta yi a tsare, sai ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan NDLEA ta gano waɗanda suka yi aikin. Ita ma fa ba karɓa ta yi ba, balle wanda ya karɓa da hannunsa. Tun daga nan mai hankali ba ya riƙo wa baƙo kaya.

Ɗan Farm Centre (7:05): Hajiya ai wancan ƙasar waje ne. Wannan Legas zuwa Kano.

Hajiya Mai Anko (7:06): A Legas zuwa Kanon ba a kama mutane ne?

Baba Kargo (7:24): Salamu alaikum. Manaja, shekara ashirin da 'yan kai na yi a ɓangaren kaya kafin na ajiye aiki, bari in faɗa maka yadda abin yake, ka cire lissafin awa ɗaya da rabi daga ranka. Wannan shi ne mafi ƙanƙantar ɓangaren tafiyar. A ƙasa ake cin ranar, a ƙasa ake faɗuwa.

Babu jirgin kaya na musamman da ke jiran inbatarka. Cikin jirgin fasinja za ta shiga, a rumbun ƙasa inda ake zuba jakunkuna. To a rumbun nan jakar fasinja ce sarauniya. Sai an gama lissafin mutane da jakunkunansu da man da jirgi zai sha, abin da ya rage shi ne rabon kargo. Ranar da jirgi ya cika da 'yan kasuwa kowa da Ghana-must-go uku, kwalinka zai zauna a kan keken kaya yana kallon jirgi ya tashi, kuma ba wanda zai kira ka ya ba ka haƙuri.

Sannan ofishin kargo yana rufe karɓar kayan kowane jirgi tun kafin tashinsa, ka ƙaddara awa biyu zuwa uku. Sai an auna, an rubuta webil, wato takardar shaidar aiken kaya, an wuce da shi na'urar duba kaya, sannan ma'aikatan lodi su ja shi bakin jirgi. Ko da minti goma ka makara, ka koma na gaba. Saboda haka kafin ka tura ko sisi Alaba, fara sanin jirage nawa ke zuwa Kano yau, ƙarfe nawa, daga wace tasha, domin na cikin gida a Ikeja tasha biyu ce, MMA2 da tsohuwar da ake kira GAT. Na sha ganin yaro ya kai kaya wadda ba ita ba.

Manajan Sharaɗa (7:31): Allah Ya ƙara girma Baba. Na duba, akwai na rana akwai na yamma. Ƙanena yana Agege, shi zai tsaya a filin jirgi. Akwai kuma yaronmu wajen Alaba Rago da zai karɓo kayan.

Ɗan Ladipo (7:40): Manaja ni a Legas nake, bari in gaya maka gaskiya. Da a Ladipo kayanka suke da na ce ka kwantar da hankali, nan da filin jirgi ba nisa. Amma Alaba can Ojo ce. Sai an biyo titin Badagry zuwa Mile 2, a hau na Oshodi, sannan Ikeja. Ranar da gari ya yi kyau awa ɗaya da wani abu, ranar da tankoki suka tsaya a Mile 2 ka yi awa uku kana kallon bayan mota ɗaya. Kuma shagunan ba sa buɗewa da asuba irin namu. Kada yaron ya hau danfo da kwalin. A nemi ɗan aike mai babur na kamfani, masu akwati a baya, su ne ke ratsa cunkoso. Acaɓa na gama-gari kuwa an hana su Ikeja tun 2022, in aka kama babur har kwalinka zai kwana a hannun hukuma.

Injiniya Bompai (7:52): Kafin duk wannan. Manaja ka ɗauki hoton farantin da ke jikin tsohuwar, inda aka rubuta lamba da kilowat da boltej, ka tura wa mai shagon. Shi ma ya ɗauko na tasa a bidiyo, ba hoton intanet ba, ka nuna wa injiniyanka ya ce eh. Mu bara an aiko mana abu ta jirgi ya iso a ranar, muka yi ta murna, aka buɗe ashe mai layi ɗaya ce, injinmu mai layi uku ne. Kuɗin jirgi sau uku muka biya: zuwa, mayarwa, da kawo ta gaskiya.

Manajan Sharaɗa (8:58): An yi bidiyon, ita ce. Nauyinta kilo 14 da kwalinta. Amma ejan ɗin da ƙanena ya samu ya ce kuɗin kilo 20 za mu biya. Wannan ba cuta ba ce? Sannan tun da za a yi aike, Alhaji ya ce a haɗo da batirin lithium guda na solar gidansa, a huta.

Baba Kargo (9:09): Na farko ba cuta ba ne. Jirgi nauyi yake sayarwa da kuma wuri. Ana auna tsawo da faɗi da tsayin kwali da santimita, a ninka su, a raba da 6000. Abin da ya fito a gwada shi da abin da sikeli ya nuna, wanda ya fi yawa shi za ka biya. Tambayi ƙanenka girman kwalin, na tabbata kusan 60 da 50 da 40 ne. Ninka su ka samu 120,000, raba da 6000, ga kilo 20 ɗinka. Manyan kamfanonin aike irin su DHL da 5000 suke rabawa, da a wajensu ne kilo 24 za ka ji. Shi ya sa mai aiko da filo ko hular kwano yake kuka, mai aiko da ƙarfe ba ya ji.

Na biyun kuwa, ka ba Alhaji haƙuri, ka ce Baba ya ce a'a. Tun 1 ga Afrilun 2016 hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta hana ɗaukar batirin lithium zalla a matsayin kargo cikin jirgin fasinja. Ba don son wahalar da mutane ba. A Satumbar 2010 wani jirgin kaya na UPS, ƙirar Boeing 747, ya tashi daga Dubai, wuta ta kama a cikin kayan da akwai batira masu yawa, hayaƙi ya cika wajen matuƙa har ba sa ganin abin da ke gabansu, ya faɗi, su biyun suka rasu. Wutar batirin nan in ta tashi ɗaya ke kunna ɗaya, abin kashe gobarar da ke rumbu ba ya iya mata. In kuka cusa shi a kwali aka gani a na'ura, duka kayan za a ajiye gefe, har inbatar. In ba a gani ba kuma, mutum ɗari da wani abu ne zaune a samansa. Batiri ya bi mota.

Hajiya Mai Anko (9:15): Baba to turare fa? Akwai lokacin da aka dawo min da kwali guda na turaren fesawa na lefe, har na yi fushi na ɗauka ejan ne ke son ƙari.

Baba Kargo (9:19): Da gaskiyarsu Hajiya. Turaren fesawa akwai sinadari mai kama wuta a ciki, yana cikin kaya masu haɗari, shi da fenti da gwangwanin fesa maganin sauro. Yana da takardarsa da irin ɗaurinsa daban, ba kowane kamfani ke karɓa ba. Su Ɗan Ladipo ma sun sani, injin mota ko famfon mai na gwanjo sai an tsiyaye shi tas. In ma'aikaci ya sunkuya ya ji warin fetur, magana ta ƙare.

Ɗan Farm Centre (9:22): To kun gani? Duk wannan dogon turanci, da fasinja aka ba wa da tuni an wuce wajen.

Lauyan Zaure (9:47): Ɗan uwa, in fasinjan ya sauka ya kashe wayarsa, wa za ka kama? Da wace takarda? Ba ka ma san sunansa na gaskiya ba.

Amma Manaja, kai ma kada ka ɗauka webil ta gama maka komai. Juya bayanta ka karanta ƙananan rubutun nan. Akwai yarjejeniyar Montreal ta 1999, Nijeriya ta shigar da ita cikin dokar sufurin jiragen samanta tun 2006. Abin da ta tsara shi ne in kaya sun ɓata ko sun lalace, da kilo ake biyan diyya, ba da kuɗin da ka saya ba. A jigilar ƙasa da ƙasa, tun ƙarshen Disambar 2024 iyakar ta kama kusan dala 35 a kan kowane kilo. Yi lissafi da kilo 14 ka gani ko zai sayo maka wata. Asarar tirela biyun Asabar kuwa kada ma ka sa ta a rai. Mafita ita ce ƙanenka ya bayyana darajar kayan a rubuce a kan webil ɗin ya biya ɗan ƙarin da za su ce, ko a yi inshora. Kuma in an kawo, a buɗe a gabansu kafin a sa hannu. A jigilar ƙasa da ƙasa kwana 14 doka ta bayar a kai ƙorafin lalacewa a rubuce, 21 na jinkiri, amma wanda ya sa hannu cewa ya karɓa lafiya ya riga ya raunana maganarsa.

Alhajin Kwari (10:03): Ni duk ban yarda da ku ba. Zuwa da kai ya fi aike. Abu mai tsada irin wannan, injin a tsaye, ma'aikata zaune ana biyansu, me zai hana a saya wa ƙanen nan tikiti ya taho da ita a matsayin jakarsa? Baba da bakinsa ya ce jakar fasinja ce sarauniya. To a mai da ita jakar fasinja mana. Ya zo ya ga gida, ya koma a mota. Turawa ma haka suke yi in abu ya yi tsanani, mutum suke ɗorawa a jirgi da kayan.

Baba Kargo (10:10): Alhaji ka kama ni da bakina. Haka ne, kuma fasinja yana da sararin lokaci fiye da kargo, don shi ana karɓar jakarsa har kusa da tashi. Sai dai tikitin yau-yau shi ne mafi tsada, in ma akwai kujera. Kuma jaka jefa ta ake yi, ba lallaɓawa ba. In za a yi haka a naɗe kwalin da soso sosai.

Manajan Sharaɗa (11:36): Jama'a ana wata ga wata. Na tura kuɗi tun ƙarfe tara da kwata, an cire a wajena, mai shago ya ce bai ga alat ba, ba zai saki kaya ba. Sai sha ɗaya saura ya shiga. Yanzu mai babur ya taso, yana Mile 2. Na rana ya wuce mu ke nan. Na tambayi tikitin yamma kamar yadda Alhajin Kwari ya ce, babu kujera ko ɗaya. Kargo ɗin dai za mu bi.

Ɗan Ladipo (11:39): Na faɗa. Ojo ba wasa ba ce.

Malamin Makaranta (12:20): Abin na ba ni takaici wallahi. Garin da jirgin sama ya sauka a cikinsa tun 1925, garin da KLM ke zuwa kai tsaye daga Turai har 2012, yau manajan masana'anta na zaune yana ƙirga jirage biyu a yini. Bompai da Sharaɗa da Challawa duk ga su, amma ƙaramin abu ya lalace sai an kalli Legas.

Injiniya Bompai (12:31): Malam laifin har da namu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk masana'antar da ta san abu ɗaya na iya tsayar da ita gaba ɗaya, ya kamata ta ajiye na biyu a sito. Na sha rubuta wa masu gida jerin abin da za a saya a ajiye, sai a ce kuɗi ya kwanta. Ranar da ya ƙone kuma a kashe ninkinsa ana salati. Manaja ba da kai nake ba, na san ba kai ke sa hannu a cek ba.

Manajan Sharaɗa (12:33): Injiniya bar tone-tone, Alhaji yana cikin zauren nan.

Ɗan Maraɗi (1:05 na rana): Ku kuna da sauƙi wallai. Mu in abu ya ɓaci, ko ya iso Kano yau, sai ya kwana, gobe a biyo Katsina, Jibiya, a yi ta magana da duwan, wato kwastam. Yau-yau ɗinku shi ne jibinmu. Tambayata Baba, in daga Chana ne fa? Wani ejan ya ce mini kwana ɗaya.

Baba Kargo (1:18): Ya faɗa ne don ka ba shi aiki. Daga Guangzhou sai kaya sun sauka Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha sun jira jirgin Kano, wanda ba lallai a same shi kullum ba. Sun sauka kuma kwastam na jira, da Form M, takardar shigo da kaya daga waje, da sauran takardu. Na cikin gida ne kawai babu wannan. In ya kawo maka cikin mako ka gode masa.

Manajan Sharaɗa (2:41): Alhamdu lillahi an karɓa, an auna, an ba ƙanena webil. Sun sa an buɗe kwalin, suna tambaya ko akwai batiri a ciki. Baba na tuna da kai. An rubuta darajar kayan kamar yadda Barista ya ce. Amma ku leƙa waje ku ga garin nan. Daga ƙofar masana'anta ba na hango tankin ruwan maƙwabtanmu.

Hajiya Mai Anko (2:46): Hazon yau ai ya yi yawa, tun safe nake tari.

Baba Kargo (2:58): Wannan shi ne abin da ban so in faɗa da safe ba don kada in karya maka gwiwa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo ne mai mulkin filin jirgin Kano. Matuƙi yana da iyakar nisan da dole ya iya hangowa kafin a bar shi ya sauka, in rahoton hukumar hasashen yanayi, NiMet, ya nuna ƙasa da haka ba zai ma taso daga Legas ba. Ba ejan, ba manaja, ba wanda ke da ta cewa. Ka ce wa ƙanenka kada ya koma Agege. Ya zauna nan, ya tambaya tun yanzu ko za su yarda a juya kayan zuwa Abuja in an soke na Kano. Jiragen Abuja sun fi yawa nesa ba kusa ba. Daga can direba ya taho da ita, kilomita ɗari huɗu da wani abu ne.

Alhajin Kwari (3:04): Hanyar Kaduna da daddare? Baba a'a. Inbata ba ta kai ran direba ba. In ta kai ga haka ya kwana ya taso da asuba, kafin Juma'a ya iso.

Baba Kargo (3:06): Na yarda. Da asuba.

Ɗan Farm Centre (6:12 na yamma): Manaja shiru? Da fasinjana ne ma dai hazon bai bar shi ba, wannan kam na sallama.

Manajan Sharaɗa (6:30): Sun ɗaga zuwa ƙarfe takwas. Ƙanena ya ce fasinjoji sun fara hayaniya. Alhaji ya kira ni sau bakwai.

Manajan Sharaɗa (8:52): Ya tashi! Ƙanena ya ce ejan ya tabbatar masa an loda kwalin, ya ga lambar a takardar lodi. Ina hanyar filin jirgi da direba.

Baba Kargo (8:55): Tafi da katin shaidarka, sunan da ke webil shi za su ba wa. Kuma ba wajen da fasinja ke fitowa za ka tsaya ba, ofishin kargon kamfanin za ka nema. Ka kira su tun yanzu su san kana tafe, kada mai makulli ya tafi gida.

Manajan Sharaɗa (11:47): Ta zo hannu. Sai da na jira aka gama sallamar jakunkunan fasinja kaf sannan aka jawo namu, kwali biyar a kan keke ɗaya, har da na wani bawan Allah da ke jiran maganin asibiti a cikin kula, tun azahar yake wajen. Kusurwa ɗaya ta kwalin ta lotsa, gabana ya faɗi, na sa aka buɗe a gabansu, cikin lafiya lau, soso ya tare. Injiniya na nan da fitila a goshi yana ɗaurawa, ya ce saitin lambobinta zai ɗauke shi kamar awa biyu. Na aika a sayo musu shayi da burodi.

Injiniya Bompai (11:53): Ya duba abin da ya ƙona ta farkon kafin ya ba sabuwar wuta. In ƙurar dusa ce ta toshe fankar, a hure akwatin duka.

Manajan Sharaɗa (2:26 na dare): Dusa ce kuwa, ta yi kauri kamar katifa. An share. Injin ya tashi, buhun farko ya fito. Allah Ya saka wa kowa da alheri, Baba Allah Ya ja kwana.

Hajiya Mai Anko (5:40 na asuba): Barka Manaja. Don Allah turo min lambar ejan ɗin nan ta gefe, akwai leshi yadi sittin da nake jira daga kasuwar Balogun a Legas, kamun amarya ranar Lahadi ne.

Alhaji Mai Injin (6:15): Madalla. To batirin nawa fa, wace mota aka ba wa?